Kukan da ba ya tashi sai an ɗaga ƙafa daga totur

Da hantsin wata Asabar cikin hunturu wani mutum ya shigo garejina da ke Apo a Abuja, cikin wata farar BMW E36 wadda cikinta ya kusa shafar ƙasa. Tun bai kashe inji ba yarana suka watsar da abin da ke hannunsu suka kewaye ta. A inda ya kamata a ga kujerar baya, wani abu ne mai nauyi naɗe cikin buhun shinkafa, an ɗaure shi da igiya a jikin kejin ƙarfe.

Bayan mun gaisa ya ce, "Baba, ba dogon aiki na kawo ba. Dif ne ya mutu, ga wani na sayo. A ɗora mini kawai, mako biyu ya rage mu tafi Edo."

Na ce, "Yallaɓai, wa ya ce maka ya mutu?"

Ya ce, "Kowa ma."

Dif shi ne tukunyar aksul ɗin baya, wadda ke karɓar juyi daga farfela, wato doguwar sandar da ke kawo juyin inji daga giyabos, ta raba wa tayoyin baya biyu. Edo kuwa filin tsere na Evbuobanosa yake nufi, inda masu irin waɗannan motoci kan je su huce haushinsu ba tare da sun sa rayukan mutane cikin haɗari a titunan Abuja ba. Wannan kaɗai ya sa na ji zan iya ba shi lokacina. Amma na gaya masa ba zan kwance ko noti ɗaya ba sai na ji kukan da kunnena. Ransa bai so ba, sai dai ya zauna a kan benci.

Motar da abin da aka yi mata

328i ce ƙirar 1997, inji mai silinda 6, lita 2.8, da giya biyar ta hannu. Daga kamfani irinta kan zo da dif mai lamba 2.93, wato farfela ta juya sau 2.93 kafin taya ta juya sau ɗaya. Shi kuwa ya cire wannan ya sa mai 3.91, mai faranti a ciki da ke kulle tayoyin biyu su ja tare. An kwashe kujerar baya da kafet da duk wani soso da kwaltar da kamfani ke mannawa a ƙasan bodi don kashe ƙara. An rage tsayin motar da shokazoba masu zare. Bushin ɗin gadon ƙarfen da ke ɗauke da dif, wato robobin da ke raba ƙarfe da ƙarfe, an mayar da su na roba mai tauri, biyun da ke kunnuwan murfin dif kuwa alminiyam ne zalla. An kuma sa filawil mara nauyi, wato faifan bayan inji da kuloci ke kamawa.

Duk wanda ya yi wa mota haka ya sayi ƙara da kuɗinsa. Ƙarfe a kan ƙarfe ba ya ɓoye sirri: motsin haƙoran dif, wanda a motar gida roba ke shanyewa, a nan kai tsaye yake bin bodi ya iso ƙashin bayanka. Shi ya sa irin wannan mota ta fi wuyar bincike. Ba rashin jin ƙara ne matsalar ba, yawanta ne. Sai ka ware wadda aka haife ta da ita daga wadda ta zo daga baya.

Sai na shiga yi masa tambayoyi. Yaushe kukan ya fara? Ya ce kamar wata biyu. Me aka yi tun daga nan? An canza boris ɗin tayar baya ta dama, kuka bai daina ba, aka canza na hagu. Wani ya ce boris ɗin tsakiyar farfela ne, aka canza shi tare da robar farfela. An juye man dif an zuba sabo. Duk a banza. Na ce to kafin kukan fa, mene ne abu na ƙarshe da aka taɓa a bayan motar? Ya ce babu. Na sake tambaya ta wata fuskar, na ce ko ta taɓa yoyon mai? Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Au, sil ne kawai aka canza mini, na gaban dif. Aikin minti talatin ne, ba wani abu ba."

Ban ce masa komai ba, na dai riƙe maganar. Masu mota ba ƙarya suke yi ba idan sun ce ba a taɓa komai ba. Aikin da bai ci musu kuɗi ba ne ba sa lissafawa.

A kan titi

Washegari Lahadi bayan sallar asuba muka hau hanyar filin jirgi, lokacin da titi ke fayau. Shi ke tuƙi, ni ina gefe, babban yarona kuma na zaune a kan katifar soso a baya, ya riƙe keji da hannu biyu. Ba gudu muka je yi ba, ba mu wuce kilomita 100 a awa ba.

Farkon abin da na so sani shi ne ko kukan inji yake bi ko gudun mota. A nan akwai tarko: giya ta biyar a wannan giyabos ɗaya-da-ɗaya ce, inji da farfela juyinsu ɗaya. Da dif 3.91 da taya 225/45 R17, a gudun kilomita 100 dukkansu suna wajen juyi 3,270 a minti. In ka tsaya a giya ta biyar ba za ka taɓa raba su ba. Na sa shi ya riƙe gudun 80 a ta biyar, sannan ya dawo ta huɗu a wannan gudun dai. Muryar inji ta hau sama, amma kukan yana nan inda yake, bai ƙara kauri ba bai ƙara siranta ba. Inji da filawil da kuloci sun fita daga zargi ke nan. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji idan mota na tsaye a firi, wanda ke ɓacewa da an taka kuloci, na filawil mara nauyi ne, ba ciwo ba ne, na gaya masa ya cire shi daga ransa.

Na biyu, boris ɗin taya. Na ce ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama a hankali, yadda nauyin mota zai koma gefe ɗaya ya dawo. Boris ɗin da ya lalace gurnani yake yi, in ka ɗora masa nauyi ya ƙaru, in ka sauke ya ragu. Wannan kuka ko gezau. Boris biyun da aka canza lafiyarsu ƙalau aka jefar da su, an bar jaki ana dukan taiki.

Na uku shi ne ya buɗe mana ƙofa. Na ce ya taka totur daga 60 zuwa 100. Akwai wani siririn fito a baya, amma irin wanda kowace mota mai bushin alminiyam ke yi. Da ya kai 100 na ce ɗaga ƙafa, bar ta a giya. Nan take kukan ya taso, wuuuu, kamar an kunna injin markaɗe a ɗakin da ke maƙwabtaka da kai, yana sauka a hankali yadda gudu ke sauka, ya fi tsanani tsakanin 90 da 70. Ya ɗan taɓa totur kaɗan, ɗif, ya ɗauke. Ya sake ɗagawa, ya dawo. Da ya sa ta a firi tana gangarawa da kanta, kukan ya ragu ƙwarai, saura ɗan burbushi. Mun maimaita ya fi sau goma, ba a samu saɓani ko sau ɗaya ba.

Yarona daga baya ya ce, "Oga, akwai wani kuma. Duk lokacin da ya mayar da ƙafa ina jin gwaf a ƙarƙashina." Da na kasa kunne ni ma na ji. Bugu ne guda ɗaya, mai nauyi, a daidai lokacin da nauyi ke komawa daga ja zuwa turawa. Mai motar ya ɗauka duk abu ɗaya ne da kukan. Ni ban yarda ba, domin kuka da bugu ba kasafai suke fitowa daga rami ɗaya ba.

Akwai wani ɗan gwaji da na koya a 'yan shekarun nan, wanda maigidana da ya koya mini aiki a Farin Gada ta Jos zai yi wa dariya, don shi dogon sukudireba ne kawai a kunnensa. Manhajar auna sauti ce a waya, mai nuna sau nawa ƙara ke kaɗawa a sakan ɗaya. Lissafinsa ba wuya. Kewayen wannan taya ya kusa mita 2, saboda haka a gudun 80 tana juyawa sau 11 da ɗoriya a sakan. Babban faifan dif mai 3.91, wanda muke ce wa kirawun, haƙoransa 43 ne, ƙaramin da ke juya shi, finiyan, yana da 11. Sau 11 da ɗoriya a ninka da 43, ka samu wajen 480. Idan kukan daga haɗuwar haƙoran nan ne, a nan wayar za ta nuna tsini. Muka auna gudu da GPS, don malejin mota yakan ɗan yi ƙari. A 80 tsinin ya tsaya kaɗan sama da 480, a 100 ya haura zuwa wajen 600, a 60 ya sauko wajen 360. Taya mai cin gefe da boris ɗin farfela ba sa bin wannan lissafi.

To ashe mai motar yana da gaskiya, dif ne? Rabin gaskiya. Kukan daga cikin dif yake fitowa, amma wannan bai nuna dif ya mutu ba. Haƙoran da suka cinye ko suka karye sun fi yin kuka a lokacin ja, ko su yi a kowane hali. Wanda ke shiru in ana ba shi wuta, ya yi kuka in an saki, akasari wani labari yake bayarwa.

A ƙarƙashinta

Muka dawo gareji muka ɗora ta a kan rami. Na fara da bayan hannuna: hancin dif, wurin da farfela ke shiga, ya fi sauran jikinsa zafi. Shaf biyu na tayoyin baya robobinsu ba su fashe ba, giris bai fita ba, babu wani wasa na a zo a gani. Na haska tocila a wuraren da E36 ta saba tsagewa, wato inda gadon dif ke kama bodi, da aljihun hannun tayar baya, da saman shokazoba. An riga an yi musu waldar faranti, kuma aikin ya yi kyau. Boris ɗin tsakiyar farfela sabo ne, sai dai wanda ya ɗaura shi bai tura shi gaba ba. Ƙa'ida a tura shi milimita 4 zuwa 6 wajen gaban mota kafin a ɗaure, in ba haka ba robarsa ba ta daɗewa. Wannan gyaran minti biyar ne, muka yi muka wuce.

Bugun bai ba mu wahala ba. A E36 dif yana rataye ne a wuri uku: biyu a kunnuwan murfin baya, ɗaya a gaba, inda wani dogon noti mai kaurin milimita 12 ke ratsa bushin da ke cikin gado ya shiga jikin dif. Wannan notin ya yi ƙaurin suna wajen karyewa a motocin wasan zamiya. Na sa ƙarfen banƙara a ƙarƙashin hancin dif na ɗaga, sai ga shi yana motsi sama da ƙasa ya fi faɗin yatsa. An sa alminiyam a baya, an bar tsohuwar robar kamfani a gaba, ta ruɓe ta rabu da ƙarfenta. Duk wani fizga da tayoyi ke yi a kan notin nan guda yake ƙarewa. Da muka zare shi, na mirgina shi a kan gilashi yana tafiya yana ɗingishi. Ya lanƙwashe, kuma a gindin zarensa akwai tsaga siririya kamar gashi. Da ya kai Edo da shi haka, ina kyautata zaton a can zai tsinke, hancin dif ya daki gado.

Sannan muka kwance farfela daga fulanjin dif, wato faifan da ke hancinsa inda ake ɗaure ta. Na kama fulanjin da hannu biyu na ja na tura. Ƙwas, ƙwas. A dif mai lafiya ba za ka ji komai ba ko kaɗan, kuma in ka juya shi za ka ji ɗan nauyi mai santsi, kamar kana juya cokali cikin zuma. Wannan kuwa sakayau yake juyawa, ga wasa gaba da baya, ga na gefe. Na kira mai motar ya sauko ramin da farar shaddarsa, na ɗora hannunsa a kai. Gani ya kori ji.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Finiyan yana zaune ne a kan boris biyu masu siffar mazurari, suna fuskantar juna, notin fulanji ne ke matse su. Tsakaninsu akwai wani gajeren bututun ƙarfe da aka yi domin ya lanƙwashe daidai gwargwado yayin ɗauri, shi ke riƙe matsin. Sau ɗaya yake matsuwa, ba ya dawowa. Haƙoran dif kuma a karkace aka yanke su, saboda haka idan inji na ja, ƙarfin yana tura finiyan waje, ya zauna daram a kan babban boris na ciki. Idan aka ɗaga ƙafa, tayoyi ne ke juya inji, ƙarfin ya juya, yana jan finiyan zuwa cikin kirawun. Abin da ke hana shi shiga shi ne ƙaramin boris na waje da notin da ke bayansa. In notin ya yi sako-sako, finiyan zai zame ciki, haƙora su haɗu a inda ba a yanke su su haɗu ba, su yi ta kuka. Da ka taɓa totur ya koma mazauninsa, shiru. Abin da muka ji a hanyar filin jirgi ke nan, ba ragi ba ƙari.

Yadda aka yi notin ya saki kuwa a rubuce yake a jikinsa. Mai canza sil ɗin gaban dif dole ya buga alama a kan noti da kan sandar finiyan kafin ya kwance, ya mayar da shi daidai kan alamar, ya sa sabon farantin kulle. A nan babu alama ko ɗaya. Kusurwoyin notin sun daddauje irin na bindigar iska, tsohon farantin kulle kuma an buga shi an mayar a karkace. Da na matsa wa mai motar da tambaya, ya tuna cewa yana tsaye a wurin. Ya ce bayan yaron da ya canza sil ɗin ya ɗaure da bindiga, fulanjin ya ƙi juyawa, maigidan wurin ya yi masa tsawa ya ce ya sassauta, ya sassauta har ya juya, aka ce shi ke nan. Garin neman gira aka rasa ido. Ɗaurin farko ya murƙushe bututun fiye da kima, sassautawar kuma ta bar boris ba matsi. Ban ga laifin yaron sosai ba, abin da aka nuna masa ya yi. Sil ɗin dai bai sake yoyo ba, wannan kam na shaide su.

Gyara

Muka juye man a farar roba muka fita da shi rana. Yana walƙiya kamar an barbaɗa masa garin kwalli, amma da na zagaya da maganaɗisu ban samu gutsuren ƙarfe ba, sai laushin gari. Wannan ya kwantar mini da hankali. Da muka sauke dif muka buɗe a kan tebur, ƙaramin boris ya yi tabo-tabo, hanyarsa ta dusashe, babban ma ya fara canza launi. Haƙoran kirawun ta fuskar ja lafiya lau. Ta ɗaya fuskar akwai wani layi mai sheƙi kusa da gindin haƙora, inda finiyan ya yi wata biyu yana gurza, amma farce ba ya kama shi.

A nan na ba shi zaɓi, ban ɓoye masa komai ba. Haƙoran za su yi aiki, ba za su karye ba, sai dai wanda ya riga ya koyi kuka da wuya ya yi shiru gaba ɗaya. Ya ce a gyara. Muka sa boris biyu sababbi, da sabon bututun matsi, da sil, da farantin kulle. Siririn zoben da ke saita zurfin finiyan na bar na asali, tun da haƙoran ba a canza su ba. Ɗaurin notin shi ya ci mana yini guda: a ja kaɗan, a tsaya, a auna nauyin juyin finiyan da ƙaramar sufanar awo, a sake ja kaɗan. In ka zarce ba sassautawa, sai dai ka zare ka sa wani bututun, shi ya sa na sayo biyu tun farko. Wasan da ke tsakanin haƙora muka auna da agogon awo a wurare huɗu na kirawun, ya tsaya cikin 0.06 zuwa 0.14 na milimita da ake so. Na shafa wa haƙora shuɗin maiƙon gwaji na juya, sawun ya fito a tsakiya ta fuska biyun. Bushin na gaba muka sa mai tauri daidai da na baya, da sabon noti mai ƙarfi, muka zuba man 75W-140 na dif mai faranti, kusan lita 1.7.

Lahadin da ta biyo muka koma hanyar filin jirgi. Gwaf ya tafi. Ya kai 100 ya ɗaga ƙafa, muka yi tsit mu uku. Sai wajen 80 wani ɗan siririn fito ya leƙo, wanda in ba ka san da shi ba ba za ka ji ba, ya ɓace kafin 70. Na ce masa wannan zai zauna da shi, ya juye mai bayan ya dawo daga Edo ya kawo mini in gani a rana.

Saura na cikin buhu. Ya ce tunda ya riga ya biya, a duba masa shi ko zai ajiye saboda gaba. Mai sayarwa ya rantse masa 3.91 ne mai faranti, har ya nuna masa cewa in an juya fulanjin gefe ɗaya, ɗayan ma yana bin sa ta fuska guda. Na nemi ɗan ƙarfen lamba da BMW ke maƙalawa a jikin murfi, inda ake buga S kafin lamba idan dif mai kulle ne, babu shi. Na sa alli na yi alama na ƙirga juyi: farfela ba ta cika uku ba gefe ya zagayo, 2.93 ne. Yarona ya kwance murfin, ya leƙa, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ƙananan haƙoran tsakiya an narka musu walda sun zama dunƙule ɗaya, har da guntun rodi a soke a ciki.

Mai motar ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zaro waya ya kira lambar mai kayan. A kashe take. Dif ɗin yana nan ƙarƙashin bencina, da shi muke tokare ƙofa in iska ta taso.